Ranar da Malik Nazakat Ya Yi wa Jami'a Jarrabawa

Yayan matata, Malik Nazakat, bai taɓa jin wani abu a duniyar nan ya yarda cewa yau ya fara jin sa ba. In ka ce masa an ƙera jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku, sai ya ce shi ya nuna wa direban inda zai sha kwana. Shekarun baya ya taɓa samun kwangilar shafa farar ƙasa a katangar wata jami'a, ta waje, ɓangaren da ke kallon titi. Tun daga lokacin rabin maganarsa da "lokacin da nake jami'a" take farawa.

Ni sunana Riyaz. Lambun mangwaro gare ni a ƙauyenmu, gefen hanyar Shujabad. Ba ni da yawan magana, in kuwa Yaya Nazakat na wuri, ko mai yawan maganar ma ba ya samun inda zai sa tasa.

A shekarar nan wata cuta ta shigo mana lambuna. Bishiya tana nan lafiya lau, sai ka ga baƙin ruwa mai danƙo yana tsattsafowa daga jikinta, ɓawon ya tsage, ganye ya bushe tun daga sama, kafin ka ankara ta zama itacen girki. Na sare wasu na ƙona, cutar ta ci gaba da bin layi. Har ta kai kan tsohon Langara ɗinmu, irin mangwaron nan da sunansa ke nufin gurgu, amma babu mai tsere masa a zaƙi. Ranar da 'yata Shagufta ta ga baƙin ruwa a jikinsa, sai ta ce, "Abba, wannan abin zan karanta. Cututtukan tsirrai."

Ta ci jarrabawarta da kyau, jami'o'i biyu suka ba ta gurbi. Ɗaya jami'ar aikin gona ce a birnin da ke kusa da mu, ɗayar kuma can arewa, gindin duwatsu. Kafin wata ya ƙare sai ta zaɓi ɗaya, in ba haka ba duka biyun su wuce ta.

Muna tsakar gida muna cin gurasa da miyar wake sai ga Yaya Nazakat, falmaran a jiki duk da zafin da ake yi. Ya zauna kan gadon igiya, ya jawo kwanona gabansa.

"Na ji labari a shagon shayi. A shagon shayi, Farhat! Ana zancen jami'a a gidan ƙanwata, ni ba a kira ni ba."

Matata Farhat ta ce, "Ai ba mu so mu wahalar da kai ba ne, Yaya."

Shagufta ta ce, "Kawu, ni fa na riga na..."

"Yi shiru, 'yata. Yaro bai san jami'a ba sai a hoto. Lokacin da nake jami'a na ga farfesa da idona, ya kasa bambance kabewa da kankana. Ku kuna jira su gwada 'yarmu. Ni na ce a'a. Mu za mu gwada su."

Ya bayyana shirin yana cin miyata. Zai yanko rassa uku: ɗaya daga mara lafiya, ɗaya daga lafiyayyar bishiyar gidansa, na ukun kuma tarko. Lafiyayyen reshe ne, zai shafe shi da man goge takalmi da kurkum, ya narka mazarƙwaila ya ɗiga masa ta yi kamar baƙin ruwan. Duk malamin da ya ba wa mazarƙwaila sunan cuta da Turanci, jami'arsa ta faɗi.

Farhat ta dube ni. Na san wannan kallon: ka bi shi, kada ya ɓata.

Washegari muka hau motar birni, buhun rassa a tsakanin ƙafafunsa. Ba mu yi nisa ba mai sayar da madarar da ke zaune gabanmu ya fara mutsu-mutsu. Ya mari cinyarsa. Ya mari ɗayar. Can ya miƙe tsaye yana rawa ba kiɗa. Cinnaku ne, sun biyo mazarƙwaila tun daga gida, sun ƙoshi, sun fito shan iska cikin wandunan mutane. Wata tsohuwa a baya ta fara salati tana kaɗe mayafi.

Kwandasta ya ratso. "Baba, me ke cikin buhun nan?"

"Ilimi."

"To ilimin naka ya hau rufin mota. Kai ma ka raka shi."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani mana. Da mai cinnaku."

Muka hau rufi, cikin kaya da rana. Yaya Nazakat ya ce dama ya fi son nan, manya a sama suke zama. Sai motar ta tsaya ɗaukar fasinja daidai rumfar mai matse ruwan rake, inda ƙudan zuma ke taruwa. Suka ji sabon ƙamshi a sama. Ni na lulluɓe kaina da rawani na kwanta kan buhun albasa. Shi kuwa ya ce zuma ba ta harbin wanda bai ji tsoronta ba, ya cire takalmi yana kora. Da muka sauka a birni, idonsa na hagu ya rufe ruf, leɓensa na sama ya yi kamar an ɗora masa dankali.

Na ce mu tambayi hanya. Ya ce birnin nan a tafin hannunsa yake. Ya tsayar da mai keke mai ƙafa uku.

"Kai mu inda manyan malamai ke koyar da binciken cuta."

Direban ya kalli fuskarsa da kyau. "Na gane, Baba. Hau da sauri."

Ya sauke mu gaban wani katafaren gini. Maigadi ya leƙa buhu, cinnaku suka gaishe shi, ya jefar da shi bakin kwata ya ce ba mai shiga da wannan. Yaya Nazakat ya ce ba komai, malamin ƙwarai da bayanin baki ma zai gane. Muka shiga. Ga mutane kwance kan gadaje masu taya, ga warin magani, ga wata mata na kuka.

Na ce, "Yaya, nan fa kamar asibiti."

"Riyaz, ka taɓa shiga jami'a?"

"A'a."

"To ni na shiga."

Saboda fuskarsa ba a bar mu mun bi layi ba. Aka shigar da mu gaban wani matashin likita, sunansa a ƙirji, Dakta Shahzeb.

"Zauna, Baba. Me ya harbe ka haka?"

"Bar fuskata, ba ni ne mara lafiyar ba. Yana gida, ba ya tasowa."

Likita ya ɗauki biro. "Sunansa?"

"Langara."

"Allah sarki. Shekarunsa?"

"Ya haura hamsin. Mahaifin wannan ne ya kawo shi daga Multan cikin kwando, tun yana ɗan mitsitsi."

"Me ke damunsa?"

Yaya Nazakat ya gyara zama, ya ƙyafta mini idon da ya rage. "Baƙin ruwa ke fita daga jikinsa, mai danƙo, mai wari. Jikin duk ya tsattsage. Yana bushewa tun daga ka."

Biron ya tsaya. "Yana shan ruwa?"

"Muna kwarara masa, ba ya ja."

"Tun yaushe yake kwance?"

"Wane kwance? A tsaye yake. Ai duk a tsaye suke mutuwa."

"Duk? Su wa?"

"Layi guda mana. Ta kama wannan, ta tsallaka kan na kusa da shi. Na maƙwabta ma sun fara. Gidan da ba a yi asara ba a ƙauyenmu kaɗan ne."

Likita ya ja kujerarsa baya. "Waɗanda suka mutu fa, ya kuka yi da su?"

"Mu daddatsa su, mu ƙona. Masu ƙwari mu ajiye don sanyi."

Na ce, "Likita, ai bishi..." Yaya Nazakat ya take mini ƙafa da duk nauyinsa. "Kada ka ba shi satar amsa!"

Likita ya riga ya rufe hanci da takunkumi. Ya tambayi sunan ƙauyenmu daga bakin ƙofa, Yaya Nazakat ya faɗa masa har da kwatance. Wasu suka shigo sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka tattara wayoyinmu cikin leda, suka fita. Muka ji an murɗa makulli.

"Ka gani? Ya ruɗe. Ya tafi kiran farfesa."

Na buga ƙofa da hannu biyu. "Mangwaro ne! Jama'a, mangwaro!"

Wata murya daga waje ta ce, "Ba a kawo wa waɗanda aka killace mangwaro. Shinkafa za a ba ku."

Abin da ya faru a ƙauye kuwa, daga bakin Farhat na ji shi, sannan daga bakin kowa. Bayan azahar motar asibiti ta shigo da jiniya, motar 'yan sanda na bin ta. Mutane masu fararen kaya suka diro gaban shagon shayi suka ce, "Ina Langara?" Duk wanda ke wurin ya nuna shagon Ustad Liyakat tela, wanda ke ɗingishi tun da ya faɗi da babur yana saurayi. Ustad mutum ne da harshensa ya fi almakashinsa kaifi.

"Kai ne Langara?"

"Uwata dai Liyakat ta raɗa mini. Ku kuma daga wane kabari?"

"An ce baƙin ruwa na fita daga jikinka."

Ya dubi hannunsa. "Man keken ɗinki ne."

"An ce kana bushewa tun daga ka."

"Sanƙo ne, na gada. Ku tuɓe hularku mu ga naku."

Suka kawo gadon ɗaukar mara lafiya. Ustad ya ɗaga almakashi ya ce duk wanda ya taɓa shi zai koma gida da gajeren wando. A waje ɗan sanda na tambayar liman inda muke ƙona gawa. Liman ya ce a maimaita masa tambayar, aka maimaita, ya nemi kujera. Mata suka fara janye yara cikin gida. Sai Shagufta ta ratso taron ta tambayi shugabansu wa ya kai rahoto.

"Wani dattijo mai falmaran, fuskarsa a kumbure."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Ku biyo ni in nuna muku mara lafiyar."

Ta kai su lambu, ta tsaya gaban Langara. An ce shugaban ya daɗe yana kallon bishiyar, sannan ya cire takunkumi ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ɗan sandan bai yi dariya ba.

Dab da magariba aka sako mu, bayan an yi wa Yaya Nazakat allura da faɗa. Muka tarar da rabin ƙauye a shagon shayi suna jira. Ustad Liyakat ne a gaba.

"Sannu da zuwa, farfesa! Wannan fuskar ita ce takardar shaidar da suka ba ka?"

Yaya Nazakat ya ɗaga hannu kamar mai jawabi. Leɓen bai bar kalmomin sun fito daidai ba, amma an ji. "Jami'a ta farko ta faɗi. Malaman da ba su iya bambance mutum da bishiya ba, su za mu ba wa 'yarmu?"

Shagufta ta ce, "Kawu, asibitin koyarwa kuka je. Jami'ar aikin gona tana can ɗaya gefen birnin."

"Duk bakinsu ɗaya."

"Kawu, ni dai da za ka bari in..."

"Bari, 'yata, na ɗauki nauyin nan, sai na sauke shi."

Na zaci abin ya ƙare. Ashe shugaban ma'aikatan asibitin nan ya ba da labarin a wurin wani biki, labarin ya yi ta yawo har ya isa kunnen wata malama a jami'ar aikin gona, Dakta Samina Joiya, wadda aikinta ke nan, cutar mangwaro. Ita ba dariyar ce ta dame ta ba, layin matattun bishiyoyin ne. Ta aiko cewa za ta zo da ɗalibanta ranar Alhamis su ga lambunan.

Yaya Nazakat ya zaga ƙauye gida-gida. "Na girgiza su. Yanzu jami'a ce ke zuwa wurina."

Ya yanko sababbin rassa uku, wannan karon ya ajiye na mazarƙwailar cikin kwano a tsakiyar ruwa. Bai tsaya nan ba. A bakin lambuna, gefen hanya, akwai wata bishiyar mangwaro, irin Anwar Ratol, da mahaifina ya dasa da hannunsa shekarar da aka haife ni. Cutar ba ta taɓa ta ba, ganyenta har sheƙi yake. Yaya Nazakat ya lissafa cewa in ya yi mata magani, ya ce da ta kamu shi ya warkar da ita, babu mai ƙaryata shi tunda ga ta nan lafiya. Ranar da na tafi kasuwar Shujabad ya haƙa rami kewaye da gindinta, ya zuba abin da ya haɗa, ya rufe da ƙasa da busasshen ganye. Ni ban sani ba. Na dai ga ganyen ya fara rawaya yana nannaɗewa, na ce shi ke nan, ta iso kan ta mahaifina. Da Yaya Nazakat ya ga haka, safiyar Alhamis ya je ya ƙara mata magani.

Ya aro amsa-kuwwa wurin mai kiɗan biki. Aka jera gadajen igiya a bakin lambu, dattawa suka zauna da tukunyar tabarsu, mata suka tsaya ta bayan shinge. Har daga ƙauyen gaba an zo.

Dakta Samina ta sauko daga motar jami'a, 'yar gajeriyar mace mai furfura, takalminta duk ƙura, da 'yar wuƙa a hannu. Ta gaida dattawa, ta nemi a kai ta wurin bishiyoyin. Amsa-kuwwa ta yi ƙara.

"Tukuna, malama! Kafin ki taɓa mana lambu sai kin ci jarrabawa. Ni ma ɗan jami'a ne, ba a yi mini rufa-rufa."

"Wane sashe ka yi, Malik Sahib?"

Ustad Liyakat ya amsa daga kan gado. "Sashen katanga. Ta waje."

Aka kwashe da dariya. Yaya Nazakat ya yi kamar bai ji ba, ya miƙa mata reshen farko. Ta juya shi, ta shinshina, ta lakato baƙin ruwan da yatsa ta sa a baki. Mata suka yi salati.

"Mazarƙwaila," in ji ta. "Mai kyau ce kuwa. Da ba a haɗa ta da man takalmi ba, da na tafi da ita gida."

"Wannan share fage ne. Ga na biyu."

Na biyun daga Langara yake. Fuskarta ta canja. Ta fere ɓawon da wuƙa, ta nuna mana wani baƙin layi da ya bi cikin itacen, da 'yan ƙananan huji kamar na allura. Ta ce wata irin funfuna ce ke toshe hanyar da ruwa ke bi a jikin bishiya. Wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo ke yawo da ita. Sannan adda da gatari, in an sari mara lafiya aka sari lafiyayya ba a tsabtace ba. Shagufta ta matso har tana taka ƙafar liman.

Yaya Nazakat ya ga taron na kuɓuce masa. Ya cusa mata na ukun. "Wannan fa? Faɗi cutarsa in kin isa."

Ta fere shi. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Baƙin layin na nan, siriri.

"Wannan ma ya kamu. Bai daɗe ba."

"Ta faɗi! Jama'a ku shaida, ta faɗi! Daga bishiyar gidana na yanko shi, lafiyarta ƙalau!"

"Da me ka yanke shi?"

Ya zaro addarsa daga ƙugu ya ɗaga. "Da wannan. Ita na yanko na mara lafiyar ma da ita, wancan zuwan namu birni. Bana kaf ita na yi wa mutanen nan sassabe da ita kyauta. Ko ba haka ba, Allah Ditta? Ko ba haka ba, Liman?"

Allah Ditta maƙwabcina, wanda ya rasa rabin lambunsa, ya ajiye bakin tukunyar taba a hankali. Liman ya fara duban addar kamar maciji.

Malamar ta ce, "Ba zan ce ita kaɗai ba ce, ƙwaron ma na nasa aikin. Amma kana wanke ta?"

"Adda ce, malama, ba kwanon abinci ba."

Ustad Liyakat ya dafa sandarsa ya miƙe. "Ashe ranar nan sun kama annobar, sun kulle ta a ɗaki, suka ba ta shinkafa suka sako ta!"

Hayaniya ta tashi. Yaya Nazakat ya ƙara murya a amsa-kuwwa. "Ku bar ƙananan magana! Ku zo ku ga abin da babu shi a littafinsu!" Ya ja taron zuwa gindin Anwar Ratol, wadda ganyenta ke zuba kamar ana kaɗa ta. "Sabuwar cuta. Ni na gano ta. In za a sa mata suna, sunana za a sa."

Dakta Samina ta duba jikin bishiyar, babu baƙin ruwa. Ta fere ɓawo, fari tas. Ta tsuguna, ta kau da busasshen ganye, ta damƙo ƙasar ta kai hanci. Ta yi tari.

"Kananzir. Da baƙin man inji. Wannan farin kuma gishiri ne. Bishiyar nan ba ta da wata cuta, shayar da ita guba aka yi. Malam Riyaz, kana da abokin gaba a ƙauyen nan?"

Daga bayan shinge muryar Farhat ta taso. "Ashe nan galan ɗina ya tafi! Yaya, ka ce mini fitilar masallaci za ka zuba wa!"

Liman ya ce, "Masallaci da lantarki yake."

Ni bishiyar mahaifina kawai nake kallo.

"Ƙarya ne! Sharri ne!" Yaya Nazakat na zufa. "Maganin gargajiya ne, sirrin kakanni, ɗan ɗigo kawai na sa don ƙamshi, ya ma bushe tuni. Wai kananzir! In kananzir ne, ga ashana!"

Kowa ya yi ihu lokaci guda. Ya ƙyasta, ya jefa tsakanin ƙafafunsa.

Wuta ta yi bup, ta zagaye gindin bishiyar, shi yana tsakiya. Ƙafar wandonsa ta kama, falmaran ta kama ta baya. Ya yi tsalle ya fito da gudun da ban taɓa sanin yana da shi ba, amsa-kuwwa na hannunsa bai saki ba, saboda haka har ƙauyen gaba an ji yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ya faɗa magudanar ruwan lambu, daidai inda ɓaunar da Allah Ditta ke kiwo take kwance tana shan sanyi. Ɓaunar ta tashi, ta dube shi, ta koma ta kwanta rabin jikinta a kan ƙafarsa.

Mu kuwa muka rufar wa wutar da ƙasa, ɗalibai da dattawa da mata, har Ustad da sandarsa. Aka kashe ta, amma gefe guda na gindin ya ƙone baƙi ƙirin. Malamar ta sa aka kwashe ƙasar nan duka, aka kawo sabuwa, aka saki ruwa ya yi ta wankewa. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma tsofaffin bishiyoyi na da taurin rai.

Tana wanke hannu ta dubi Shagufta. "Ke ce mai neman jami'a? Waccan ta arewa tana da malamai na ƙwarai, in tuffa da alkama kike so, can za ki je, ba zan ruɗe ki ba. In kuwa mangwaro ne, ɗakin gwajinmu ba shi da kyan gani, kuma rabin karatun a rana ake yin sa, cikin lambunan mutane."

"Mangwaro nake so, malama. Tun farko ku na zaɓa."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

"Abba."

Ta nuna magudanar da ido, sai na tuna sau nawa kawunta ya katse ta.

Daga cikin magudana murya ta taso, ba amsa-kuwwa yanzu, ta nutse. "Ku rubuta! Malamar nan ta ci jarrabawata. Na amince 'yarmu ta je can. Wani ya ɗaga mini dabbar nan!"

Allah Ditta ya ce ɓaunarsa ba ta son a tashe ta kafin la'asar.

Shagufta ta yi rajista a makon. Langara bai tashi ba, mun sare shi, haka ma bishiyar gidan Yaya Nazakat. Amma sauran lambun ya tsaya, don mun koyi wanke adda da shafe inda aka yanka. Anwar Ratol ta yi shekara kamar ba za ta rayu ba, sannan gefen da bai ƙone ba ya fitar da sabon ganye.

Yanzu duk sabon zango Dakta Samina kan kawo sababbin ɗalibai ƙauyenmu, kuma wurin wannan bishiyar suke fara tsayawa, a nuna musu abin da mutum kan iya yi wa lafiyayyar bishiya da hannunsa. Yaya Nazakat ba ya bari ya wuce shi. Tun safe yake zuwa da sabuwar falmaran, ya tsaya gefen da ya ƙone, hannu a ƙugu. Zuwan da suka yi na baya, Shagufta aka sa ta yi bayani. Ta lissafa kananzir da gishiri da ashana, idonta a ƙasa. Wani ɗalibi ya dubi baƙin gindin, ya dubi mutumin da ke tsaye kusa da shi.

"Baba, wai kai ka yi wannan?"

Yaya Nazakat ya gyara falmaran.

"Ni kaɗai, yaro. Ba wanda ya taimaka mini."